Ciwon Dajin Nono: A Je Awo Tun Bai Fara Zafi Ba

Zancenmu na yau na uwayenmu ne da ƴan uwanmu mata: masu kasa kaya a babbar kasuwar Maraɗi ran Litinin da ran Juma'a, da masu awon hatsi a Kadro, da masu shigowa da zogale da kayan lambu daga Jiratawa tun da sassafe, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na Tibirin Gobir, har da waɗanda ke sana'arsu cikin gida yara na kai musu talla. Duk wanda jaridar nan ta faɗo hannunsa, muna roƙon ya karanta wa maƙwabciyarsa ta rumfa, ya kuma tafi da ita gida.

Magana ce a kan wani ciwo da ba a son ambaton sunansa cikin mutane, wato ciwon dajin nono, wanda wasu ke kira sankara, likitoci kuma su ce kansa. Mu da ke aikin rediyo, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a miƙo mana takardar sanarwar rasuwa ba, kuma sau da yawa abin da ake rubutawa shi ne "bayan ta yi fama da doguwar rashin lafiya". Ba a faɗin sunan ciwon. Amma a cikin irin waɗannan dogayen jinya akwai na mata da dama da ciwonsu ya faro daga ɗan ƙullutu a nono, wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ba ya zafi, ba ya hana barci, ba ya hana zuwa kasuwa. To wannan rashin zafin shi ne tarkon. Lokacin da ciwon ke da sauƙin magani shi ne lokacin da bai dami mai shi ba, shi ya sa ake son mace ta riƙa zuwa awon nono alhali tana jin garau.

Abin da alƙalumma suka nuna

Ƙungiyar kiwon lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai an gano ciwon dajin nono a jikin mata miliyan 2 da dubu 300 a duniya, kuma ya yi ajalin dubu 670. A nan gida Nijar, tun shekarar 1992 ake da rajistar masu ciwon daji a Yamai, kuma abin da ta nuna shi ne dajin nono ne kan gaba a tsakanin mata.

Sai dai ciwon iri ɗaya ne, amma ƙarshen labarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A ƙasashe masu arziki, cikin mata 10 da aka gano suna da shi, fiye da 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. A wani bincike da aka fitar a 2020, wanda ya bi sawun mata a Nijeriya, Namibiya, Uganda, Zambiya da Afirka ta Kudu, rabinsu ne kawai suka kai shekara 3. Jinin matar Bature bai fi na Bahaushiya ƙarfi ba. Bambancin yana ga ranar da aka je likita da kuma samun magani har ƙarshe. Wani nazarin na 2016 ya gano cewa kashi 77 cikin ɗari na baƙar fatar Afirka kudu da Sahara masu wannan ciwo, sai ya kai mataki na 3 ko na 4 ake ganinsu a likita.

Bari mu ɗan yi bayanin matakan nan. Likitoci sun kasa ciwon gida 4. A mataki na farko ƙullutun bai wuce santimita 2 ba, kamar ƙwayar gyaɗa babba. A na biyu yakan kai girman goro ko lemun tsami, ko ya fara taɓa kaluluwar hammata. A na uku ya bazu sosai a hammata, ko ya kama fata ko ƙirji, wani lokaci har ya fashe. A na huɗu kuwa ya bi jini ya sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. A matakin farko da na biyu ana warkewa sarai, mace ta koma rumfarta ta ga auren jikokinta. A na huɗu kuwa, galibi sai dai a rage zafi a ja kwana.

Saboda haka ne a shekarar 2021 OMS ta fito da wani shiri mai buri uku: a gano aƙalla mata 6 cikin 10 tun suna mataki na 1 ko na 2, a gama binciken ciwon cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa likita, sannan 8 cikin 10 su ci gaba da magani har su kammala. Na biyu da na uku, hukuma da likitoci na da babban kaso a ciki. Na farko kuwa yana hannunmu.

Me ke hana mata zuwa da wuri?

Na farko shi ne wanda muka ambata, rashin zafi. Mun saba sai ciwo ya kayar da mutum sannan ake neman kabu-kabu. Matar da ta tashi tun asuba ta yi daka, ta yi suya, ta shirya yara lakkol, ta kama hanyar kasuwa, in ta ji wani ɗan abu mai tauri wajen wanka sai ta ce ai zai baje da kansa.

Na biyu kunya. Nono al'aura ne, kuma akwai wadda ko mijinta ba ta iya faɗa wa, balle ta kware zane gaban wani. Wannan kunya tarbiyya ce, ba mu raina ta ba. Amma a cibiyoyin kiwon lafiya na unguwanni da muke kira CSI, da ɗakunan haihuwa, mata ne ungozomomin likita, su ne dai masu yi muku awon ciki, su karɓi haihuwarku. Duk wadda ba ta son namiji ya duba ta, ta faɗa tun a bakin ƙofa.

Na uku shi ne sunan ciwon kansa. Da an ce daji, sai hankali ya tafi ga iska ko jifa ko sammun kishiya ko na abokiyar gaba a kasuwa. Daga nan sai a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe da hayaƙi, wani ma ya tsaga wurin ya ɗaura saiwa. Wata shida, shekara guda, jari ya ƙare wajen masu magani, ƙullutun gyaɗa ya zama lemu. Gaskiyar lamarin ita ce ciwon daga jiki yake tasowa: wasu ƙwayoyin tsokar nono ne ke lalacewa su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Yana kama matar sarki, yana kama mai talla, yana kama wadda ba ta da kishiya, har maza ma yakan kama jefi-jefi, kamar mutum 1 cikin ɗari na masu ciwon. Addu'a kuwa ba a bar ta ba, malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani ba ya karya tawakkali. A yi addu'a, a kuma kama hanyar likita.

Na huɗu shi ne maganar nan da ta zauna a bakin mutane, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya watsu. Mun san inda maganar ta samo asali. Ana kai mace likita bayan ciwon ya riga ya gama jiki, a yi mata aiki, bayan ƴan watanni ta rasu, sai a ce ai wuƙar ce. Alhali ciwon ya watsu tun kafin a ɗauko wuƙar. Jinkirin ne ya yi ɓarna, aka ɗora wa ƙarfe laifi.

Na biyar tsoron a cire nono, miji ya juya baya. Wannan tsoro ne na gaske kuma akwai gidajen da hakan ta faru. To amma a sani, idan aka gano ƙullutun yana ƙarami, akan iya cire shi kaɗai a bar nonon, a bi da gashi na na'ura. Wadda ta jinkirta don gudun a cire, ita ce ta fi kusa da a cire ɗin. Ko da kuma ta kama a cire, uwa mai nono ɗaya tana tsakar gidanta tana yi wa ƴaƴanta faɗa ta fi musu alheri nesa ba kusa ba a kan maraici.

Yaya awon yake?

Da yawa suna zaton wani babban al'amari ne. Awon farko da hannu ake yinsa. Ungozomar likita za ta dubi nonuwan biyu kina zaune, ta sa ki ɗaga hannuwa, sannan ki kwanta ta lalube su da tafin yatsu har zuwa hammata da saman ƙashin wuya. Ba allura, ba ɗibar jini, kuma bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen cinikin turmin atamfa ɗaya ba. Shawararmu ita ce kowace mace da ta manyanta, musamman daga shekara 40 zuwa sama, ta riƙa yinsa sau ɗaya a shekara ko ba ta jin komai. Ƴan ƙasa da haka ma kada su ce ba ruwansu, don a ƙasashenmu ana yawan ganin ciwon a jikin mata masu shekara talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu. Duk lokacin da aka je awon ciki, ko rigakafin yaro, ko karɓar maganin tazarar haihuwa, sai a ce wa malama: a duba mini nono. In ana awon bakin mahaifa a wurin, a haɗa gaba ɗaya.

Idan an ji wani abu, za a ba ki takarda zuwa babbar likita. A nan Maraɗi muna da cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, da babbar likitar jiha, da kuma asibitin ƙwararru da ake kira Referans. Can za a iya yin hoton eko, irin wanda ake yi wa mai ciki. Akwai kuma wani hoton na musamman mai suna mamografi, wanda ke iya ganin ƙari tun hannu bai kai ga jinsa ba. A ƙasashen da ke da hali, OMS ta ba da shawarar a riƙa yi wa mata masu shekara 50 zuwa 69 wannan hoto duk shekara 2. A wajenmu na'urar ba ta wadata ba, amma duk wadda likita ya rubuta mata shi, ko ta samu dama, ta yi. Daga ƙarshe, abin da ke tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne, shi ne a ɗebi ɗan mitsitsin tsoka a kai ɗakin bincike.

Ga kuma abin kwantar da hankali: OMS ta ce ƙullutun nono har 9 cikin 10 ba daji ba ne. Wani ruwa ne ya taru, wani tsoka ce marar illa, wani maruru ne. Ke nan mafi yawan masu zuwa awo da labari mai daɗi suke komawa gida. Amma ba mai iya rarrabewa da ido ko da hannu a cikin ɗaki, ko da kuwa tsohuwa ce da ta ga jiya ta ga yau.

Duba kai a gida

Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsakanin awo da awo, ke ce mai gadin jikinki. Sau ɗaya a wata, bayan kwana biyu ko uku da yin wankan tsarki, lokacin da nono ya saki, ki tsaya gaban madubi ki dubi biyun, hannuwa a ƙasa, sannan a sama. Wajen wanka, da sabulu a hannu, ki ɗaga hannun dama bisa kai ki lalubi nonon dama da yatsu uku na hagu, kina zagayawa a hankali har cikin hammata, sannan ki sauya. Wadda al'ada ta ɗauke mata ta zaɓi rana guda, misali duk ranar da aka ce wata ya tsaya.

Abubuwan da in an gani ba a jiran kasuwa ta gaba su ne: ƙullutu ko tauri a nono ko a hammata, ko yana zafi ko ba ya yi, nono ɗaya ya sauya girma ko siffa, fata ta lotsa, ko ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, ko ta yi ja, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko wani ruwa na fita daga kan nono ba shayarwa ake ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa.

Ga masu shayarwa: nono kan kumbura ya yi zafi da zazzaɓi, wannan yawanci ba daji ba ne kuma yana jin magani. Amma in an sha magani, zafin ya tafi, taurin yana nan, a koma. Goyo da ciki ba su hana wannan ciwo zuwa. Haka kuma wadda mahaifiyarta, ko ƴar uwarta ciki ɗaya, ko ɗiyarta ta taɓa yin ciwon, ta faɗa wa likita, don ita ana fara sa mata ido da wuri. Sai dai kada wadda ba a taɓa yi a danginsu ba ta saki jiki: wajen rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da ya wuce kasancewarsu mata da kuma shekaru.

Zantukan rumfa

Muna jin ana cewa sa kuɗi ko salula cikin rigar nono shi ke kawo ciwon. Babu binciken da ya tabbatar da haka, kuma wadda ba ta taɓa sa ko dala a ƙirjinta ba tana iya kamuwa. Ana cewa ana ɗaukarsa. Ba a ɗauka, ko ta cin abinci kwano ɗaya, ko ta wanki, ko ta kwanciya, don haka babu dalilin ƙyamar mai jinya ko ƙaurace wa kayan sana'arta. Ana cewa shayarwa na jawo shi, alhali akasin haka ne: wani babban nazari na 2002 da ya haɗa bayanai daga ƙasashe 30 ya nuna duk wata 12 na shayarwa na rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Ragi ne dai, ba katanga ba. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sun haɗa da shekaru, da ƙiba mai yawa, da rashin motsa jiki, da giya, da taba. Masu wuni zaune a rumfa, a riƙa ɗan taka ƙasa.

Batun kuɗi da hanya

Mun san tambayar da ke zuciyar kowa: in an gano, da me za a yi magani? Ba za mu ɓoye muku ba, jinyar daji na da nauyi. Akwai aikin tiyata, akwai ƙarin ruwan magani da ake yi zango-zango wanda kan zubar da gashin kai kafin ya sake tsirowa, akwai gashi na na'ura, akwai kuma ƙwayoyin da wasu ke sha shekara 5 ko fiye. Amma an samu ci gaba. A shekarar 2007 gwamnati ta yi dokar da ta sa ciwon dajin mata cikin abubuwan da ake kulawa da su kyauta a likitocinta. A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar nan, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa CNLC da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya; kafin nan duk mai bukatar gashi sai an fita da shi waje. A 2024 kuma hukumomi suka ba da sanarwar rage kuɗin ayyukan likitocin gwamnati da rabi. Duk wadda ta je, ta tambayi abin da ke kyauta da abin da za ta biya, ta kuma karɓi takardar shaidar biya.

Duk da haka, daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Kuɗin mota na mai jinya da mai rakiya, da masauki, da abinci, da wasu magunguna da gwaje-gwaje, daga aljihu suke fita, ga rumfa a rufe. A nan ne muke son ƴan kasuwa su yi irin lissafin da suka fi kowa iyawa. Awo safiya ɗaya yake ci a shekara. Ciwon da aka kama da wuri jinyarsa ta fi gajarta, ta fi araha, ta fi kai wa ga warkewa. Wanda aka bari ya tsufa kuwa yana cin jari, ya ci tumaki, ya ci gona, kuma sau da yawa bai bar mai shi ba. Wace ƴar kasuwa ce za ta ga ƙwari sun fara shiga buhun wake ta ce bari sai sun fito fili?

Kuma matan Maraɗi ba baƙin dubara ba ne. A wannan jiha tamu ce aka ƙirƙiro tsarin asusun Mata Masu Dubara a shekarar 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Wannan zama na mako-mako, da na adashe, da na foyandi, za su iya ɗaukar wannan aiki. A tsayar da rana, a tafi awo biyar-biyar, waɗanda suka rage su tsare musu kaya, wani makon a sauya. A ware wani abu a asusu don ƴar ƙungiyar da aka tura Yamai. A gayyato ungozomar likita ta zo wurin zubi ta nuna yadda ake duba kai. Yadda ake fitar da anko don biki, haka za a iya fitar da jika ɗaya ko biyu don ceton rai.

A kuma kasa kunne ga rediyo a watan Oktoba, wanda duniya ta keɓe don faɗakarwa kan dajin nono, da ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da ciwon daji, don a irin waɗannan lokuta ne aka fi shirya awo na kyauta. Amma wadda ta ji ƙullutu yau, kada ta ce sai Oktoba.

Ga Alhazai da sauran magidanta

Ku ma da ku muke. Mata da yawa ba su fita sai da izini, ba su da kuɗin mota sai an ba su, kuma abin da suka fi tsoro shi ne yadda fuskar maigida za ta sauya. Alhaji, kai da kake kai motarka gareji a duba ta kafin ta kama hanyar Kano ko Kwatano, ka ce wa uwargida da amarya su shirya ka kai su awo, ka haɗa da Inna da ƙannenka mata. In ta ce maka ta ji wani abu a jikinta, kada ka ce a bari a ga hali, kada kuma ka fara da mai magani na bakin tasha. In Allah Ya ƙaddara ciwon ne, tsayawarka a kanta har ta kammala magani wani sashe ne na maganin, don da yawa suna yankewa a tsakiya saboda an gaji da su.

Uwayenmu da ƴan uwanmu, da sanyin safiya ake kama fara. A cikin makon nan, kowace ta zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, ta kama hannun aminiyarta, su nufi CSI mafi kusa da su, ko a Mokoyo suke, ko Zariya, ko Ali Ɗan Sofo, ko Tibiri, ko Jiratawa. In an ce lafiya lau, a gode wa Allah a sa ranar baɗi. In an ba da takarda, a bi ta da zafinta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na likita, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a kasuwa. Sai mun sake saduwa.